Gudumar Delbert Bahago

Shekara ashirin da biyu muka yi da Delbert Nowicki a layin haɗa motoci na masana'antar garinmu a Michigan, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi jinin a tambaye shi aikinsa kamarsa ba. Aikin nasa dukan ƙarfe ne. A 1969 manya suka ga dama suka ce a cusa ƙaton inji mai silinda takwas cikin 'yar motar samari. A takarda ya shiga. A layi kuwa bututun hayaƙi ya tokare da ƙarfen gefe, faɗin yatsa biyu kacal ya hana injin zama. Maimakon a sake zane, aka miƙa wa Delbert guduma.

Mota ta iso, ya sunkuya, ƙwal sau ɗaya, ƙarfen ya lotsa, a sauke inji. In dukan ya gaza, inji ya ƙi zama. In ya zarce, taya ta riƙa gogar ƙarfe. Motar dama fitinanniya ce: fulogi na takwas sai an ɗaga inji hannu ke kai masa, batir kuwa but aka kai shi don babu wuri.

Matarsa Marlene in an tambaye ta a coci sai ta ce, "Mijina? Motoci yake duka, tun kafin masu su su samu dama." Mu kwashe da dariya, har da ni, na amsa laifina. Shi kuwa abin yana ci masa rai, don ya san gwaninta ce, kuma babu wanda ya yarda.

Bayan mun yi ritaya da shekaru motocin suka yi tsada, ana gasar wadda ta fi zama yadda ta fito daga masana'anta. Delbert ya kai tasa, ja, muka raka shi ni da Marlene. Alƙalin gasar, wani Mista Prescott mai farar safar hannu, ya leƙa ƙarƙashin bonat, ya duba littafinsa, ya girgiza kai.

"Dattijo, wannan lotsawar ta jabu ce. Ta masana'anta dama take karkata, ga hoto. Taka ta yi hagu. Wani ɗan koyo ne ya yi maka ita a gareji."

Delbert ya kalli hoton. "Wannan hannun Stanley ne, mai karɓata in na tashi. Ni bahago ne."

"Kowa da labarinsa, dattijo."

Na ga kunnuwan Delbert sun yi ja. Ya buɗe but, ya ɗauko gudumar daga gefen batir. Ashe bai taɓa mayar wa masana'anta da ita ba. Ya nufi rumfar mai sayar da tsofaffin kayan mota, ya sa aka jingina masa lafiyayyen ƙarfen gefe, ya tofa yawu a tafin hannu. Ƙwal.

Prescott ya auna sabuwar lotsawa, ya auna ta motar, daidai har zurfi. Mutum uku da aka sha zaftare wa maki saboda lotsawar hagu suka ja shi ya auna nasu. Duk hannu ɗaya ne.

Sai Prescott ya cire safar. "Mista Nowicki," ya ce a hankali, "tawa ma hagu ta yi da na saye ta. Na sa aka miƙe ta, aka buga ta dama."

"Ka goge aikina ka sa na Stanley?"

"Ko za ka taimaka ka…"

"Je ka ɗaga injin tukuna, ka kira ni."

Wata mata ta matso ta tambayi Marlene wane ne wannan tsohon da aka kewaye. Marlene ta gyara zaman jakarta, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Mijina ne. Motoci yake duka. Sai dai ki bi layi."