Ɓarawon da Ya Ƙi Shigowa

A kantin magani wani dattijo yana gabana, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Tela ne, ba shakka. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa. Yana ta murza katin ƙwayar barci da babu komai a ciki.

"Baba, ba rabi-rabi na ce ka riƙa sha ba?" in ji mai kantin. "Yau kam sai ka ga likita."

Ni dai ina zaton matarsa ce ta rasu, gadon ya yi masa faɗi tun da ya koma shi kaɗai.

Yana mayar da katin aljihu yana ce wa mai kantin, "An ce barci ɓarawo ne, 'yata. Kullum a buɗe nake bar masa ƙofa, amma ko leƙowa ba ya yi."