Kakai Ne, Ba Kaka Ba

Ku matso kusa ku ji, amma kowa ya sa wayarsa a aljihu tukuna, don ni yanzu ban yarda da wayar kowa ba.

Gidanmu a Maamobi gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Ni ba mai yawo ba ce. Daga gaban kurfoti, murhun gawayina, sai bakin ƙofar ɗaki, amma duk abin da ya shigo unguwa sai ya biyo ta kunnena. Haka wannan shegen bidiyo ya iso mu. Za a nuna maka wani wuri mai kyau, korama tana gudu, ciyawa kore shar, ana wani kiɗa a hankali. A ce maka ka duba sosai, akwai tsuntsu a ɓoye. Kana kai hanci kan gilashi, sai wata fuska fara fat, baki a wangale, ta faɗo maka da ihu kamar ana yanka akuya a cikin kunnenka. Mu nan abin tsoro irin wannan kakai muke ce masa, kalmar da muka tsinta a bakin maƙwabtanmu masu yaren Twi.

Ai kuwa kakai ya ci gari. A layin sayen waakye, shinkafa da wakenmu, a shagon aski, a cikin motar hayar da muke ce wa trotro, ko ina sai ka ji wani ya ƙwala ihu, sauran suna riƙe ciki. Har ta kai in aka turo maka gaisuwar Juma'a mai furanni, sai ka miƙe hannu can nesa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka danna. Wasu har ɗaukar iyayensu suke yi a waya lokacin da suka zabura, su watsa wa duniya. Allah ya shirya.

A gidanmu kuwa dillaliyar kakai ita ce ƙanwar maigidana, tela ce, kekenta na nan a baranda. Ni ta fara kamawa. Ludayin miyar ayoyo na hannuna, sai da ya tashi sama ya sauka a kan shanyar mai gidan hayar. Ta kama mai koko, ta kama mai karɓar kuɗin shara, har wani tsohon soja da ke cika baki cewa shi ba abin da ke girgiza shi. Takalmi ɗaya ya bari a gidanmu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ba, wata yarinya 'yar Maraɗi da mijinta, mai lodin kaya a kasuwar Tudu, ya kawo ɗakin da ke kusa da nawa. Mai kunya ce ƙwarai. Da farko ko famfo ba ta zuwa sai tsakar gida ta watse. Hausarta kuma irin ta can, cikakkiya, komai da nasa wurin. Mu kuwa a Zango mace ma "shi ne", namiji ma "shi ne". Ranar da na ce mata, "Mamana ne ya kira ni," sai da ta rufe baki da mayafi tana dariya. Da wannan dariyar na samo ta. A hankali ta fara fitowa, tana taya ni tsinke ganye, tana ba ni labarin kakarta da ta raine ta. Tsohuwar ba ta da waya, amma an yi alkawari wani ɗan uwa zai ɗauke ta a bidiyo ya turo ta wayar telarmu, don ta 'yar Maraɗi ƙarama ce, ba ta nuna hoto. Kullum sai ta tambaya, "Anti, ya shigo?"

Ran nan da hantsi ina tuƙa tuwo, sai na ga tela ta ɗago waya tana wani murmushi da na sani.

"Amarya, zo ka ga wani abu. Chale, ƙawata, zo da sauri!"

Hannuna biyu na kan muciya, tuwo ya kai inda ba a barinsa. Sai na ɗaga murya, "Amarya, tsaya! Kakai ne!"

To kun ga inda aka samu matsala. Yarinyar nan ba ta taɓa jin kakai ba. Ta dai san mu ba ma cewa "ce". Abin da ya shiga kunnenta shi ne, "Kaka ne!" Wallahi kwano ta yar, ta ruga, ta karɓe wayar da hannu biyu, ta manna ta a fuska tana cewa, "Ina take? Bayan koramar take?"

Ihun da ya biyo baya, na wayar da nata, ban san wanne ya fi ba. Ta yi sama, waya ta yi cikin bokitin wanki, kaji suka watse, ita kuma tana salati tana tsalle wuri ɗaya. Gida ya kwashe da dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, sai da na zauna a ƙasa. Amma da ta juyo na ga idonta, dariyata ta tsaya. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Shi ke nan ta koma yadda ta zo. Ba famfo, ba tsinkar ganye. In na kai mata tuwo sai ta karɓa ta bayan labule ta ce na gode. Tela ta ba da haƙuri har ta gaji, wayarta ma sai da ta kwana cikin garin rogo kafin ta farfaɗo. Ni dai abin da ke cina shi ne, yarinyar da na sha wahala na fito da ita, kalma ɗaya daga bakina ta mayar da ita ciki.

Ana nan sai bidiyon gaskiya ya iso. Tela ta aika mata da wayar har ɗaki, ita kanta ba ta ko buɗe bidiyon ba, don kunya. Can da la'asar labule ya ɗaga. 'Yar Maraɗi ta fito, ta zo har gaban keke.

"Anti, kakata ta gaishe ku. Ku duba."

Tela ta ja baya. "Ei, ni? Ramuwa kake so ka yi. Na san wannan wasa sarai kuraa."

"Wallahi ita ce."

Tela ta karɓa, ta miƙe hannu har ƙarshensa, ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Mu duka muka taru a baya, kowa a shirye ya gudu. Sai ga wata tsohuwa a kan tabarma, muryarta ƙasa ƙasa, tana gaida mutanen gidan da suka riƙe mata jika, tana sa albarka. Muka jira fuska ta faɗo. Shiru. Tela ta sauke yatsa, ta matso da waya don ta ji addu'ar sosai, har tana cewa amin, amin.

Ba wanda ya lura 'yar Maraɗi ta zagaya ta ɗauki murafan tukunyata guda biyu.

Garam! Daidai ƙeyar tela.

Jama'a, tela ta haye kan kekenta, ban san ta yaya ba. Zare ya naɗe mata ƙafa, tana kiran mamanta da Hausa da Twi da yaren Ga gaba ɗaya. Ni na faɗa cikin kwandon albasa. Yarinyar nan mai kunya tana tsaye da murafai a hannu, tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi sai ta nuna waya ta ce, "Wannan kaka ce." Ta ɗaga murafan. "Wannan kuma kakai ne. Na iya?"

Tun ranar ba ta sake sakin labule da rana ba. Ni ce ma yanzu ba na juya mata baya in murafaina na kusa.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, in ta miƙo muku waya yanzu ta ce kakarta na gaishe ku, za ku karɓa?