Kwalbar da ke Aljihun Limaminmu

Na yi shekara shida ina tuƙa motar wani kamfanin taki, daga Ƙauran Namoda muna kai kaya Shinkafi da Zurmi. Babbanmu a direbobi wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Shi ya koya mini riƙe sitiyari, shi ke jan mu salla a gindin dalbejiyar gareji, kuma in ya kama direba da sigari, sai ya yi masa wa'azi har kunne ya yi zafi.

Da ɗayanmu ya kwantar da mota a hanyar Zurmi, manaja ya ce ranar Laraba bayan Azahar za a gwada fitsarin kowa. Duk wanda aka samu ƙwaya a jikinsa, ya ajiye makulli. Ni dariya na yi. Ko goro ba na ci, bakina ne kawai ba shi da birki, kuma ba shi za a gwada ba.

Da safen Laraba Baba ya ja ni bayan tankin ruwa, ya miƙo mini 'yar kwalba babu komai a ciki.

"Ɗana, ka ɗan zuba mini naka."

Na tsaya ina jiran ya yi dariya, bai yi ba. Ya ce ciwon baya ne. Shekara uku ke nan sai ya haɗiyi ƙwayar tiramol kafin ya hau mota, in ba haka ba ko garin Katuru ba ya kaiwa. "Ɗiyana takwas," in ji shi, "wanga aiki kaɗai gare ni."

Da an ce mini duk garejin na sha, zan yarda, amma ban da shi.

Na ce, "Baba, in asibiti ne, in goya ka mu tafi yanzu. Wannan kam ban iyawa." Da a nan na tsaya, da sauƙi. Sai bakin nan nawa ya ƙara da cewa, "Kai fa ka koya mana direba amanar rayuka ya ɗauko." Ya mayar da kwalbar aljihu.

Azahar ta yi, aka tada iƙama, Baba bai shiga gaba ba. Daga can gefe ya ce mini, "Ka ja su." Na dube shi. Fuskarsa a bushe, babu ruwan alwala, hannunsa dafe da aljihu. Nan take na gane: wani ya ba shi nasa. Fitsari najasa ne, kuma Baba ba zai tsaya gaban Ubangiji da najasa a rigarsa ba. Mutumin da ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, ga shi tsaye yana kallonmu kamar baƙo. Na kabbarta.

Da na sallame, na hango shi a bayan tanki. Ya tsiyayar da abin da ke kwalbar a ƙasa, ya wanke hannu, ya yi alwala a tsanake, ya yi sallarsa shi kaɗai. Sannan shi ya fara shiga ɗakin masu gwajin, babu wanda ya kira shi.

Ranar Juma'a manaja ya miƙa mini makullin motar Baba. Na ji kamar in jefar da shi. Da na buɗe ƙofa, sai ga ɗan matashin kan da yake tokare bayansa da shi a kan kujera.

Yanzu Baba yana lodin fasinja a tashar Shinkafi. In na tsaya na gaishe shi, yakan amsa da kyau, ya tambaye ni ko na duba mai da ruwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Matashin yana nan a motar, na tura shi gefe. Na kasa jingina da shi, na kuma kasa mayar masa.