Kabon Motar 'Yar Fari

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun da hatsi ya yi tsada har ana auna gero da gwangwani, ina gyaran rediyo da tocila a wani ƙauye gefen Dawakin Tofa, ƙyanda ta shigo ta ɗauke mana 'yarmu ta fari, shekararta biyar. Kun san 'yar fari, ba a kiran sunanta, ba a yi mata kuka a gaban mutane. To ni ko a ɓoye ban yi ba. Na dawo daga maƙabarta na ci tuwo, ban ji komai ba.

Tana da wata motar wasa mai rimot, tsarabar Makka daga kawunta, motar ta daɗe da mutuwa saboda kabon ɗin injin ya cinye, wato 'yan baƙaƙen gawayin nan biyu da ke gugar injin yana juyawa. Bayan sadakar arba'in sai uwarta, Habi, wadda ta daina cin abinci sai kurɓar koko, ta ce, "Malam, gyara motar yarinyar nan."

Na fasa mataccen batir, na fiƙe baƙar sandar cikinsa na saka, na gwada da batiran wata rediyo da aka kawo gyara ta tashi, na cire batiran na mayar cikin rediyon mutane, motar kuma Habi ta kulle a akwatinta. Ran nan ta ci abinci.

Sati biyu ta ce, "Malam, ta tsaya."

"Ta tsaya ina? Motar da ba batir?"

"Ba ka ji gidan ya yi shiru ba?"

Na buɗe injin, innalillahi, kabon ya cinye ƙarƙaf, kamar an wuni ana tuƙa ta, tayoyin duk jar ƙasa. Na sake fiƙe wani na saka. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce, in na yi jinkiri ta ajiye kwano, in na gyara ta ci. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa jin ƙarar motar ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata safiya bayan girbi tana shara ta ce, "Ka huta, ta daina zuwa." Ta ci gaba da shararta. Na buɗe injin, kabon sabo fil, yadda na saka shi. A nan na zauna a ƙasa na kira sunan yarinyar da ƙarfi, Habi ba ta hana ni ba.

Har yau ban san mene ne ba, ban kuma kai wa malamai ba. Ni dai shawarata, in aka kawo muku kayan mamaci gyara, ku yi bisimilla ku gyara, kada ku tambayi wa zai yi amfani da shi.