Ɗayar Ƙafar Umma

Tiyon ne ya fara gaya mini. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, bayan azahar, ina shanya sai ga maƙwabcinmu mai walda ya turo baronka cikin gida, injin wankinka a kai, tiyon a cukurkuɗe yana jan ƙasa. Kai ba ka taɓa barin tiyo haka ba. A gwiwar hannu kake naɗe shi, ka ɗaure da jan tsumma. Kafin mai walda ya buɗe baki na riga na zauna a ƙasa. Ya ce kana tsakiyar aiki a harabar wani kanti ka yanke jiki ka faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Auta, ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ni na goya ka, kuma akwai maganar da na riƙe maka wata tara ban faɗa ba.

Shekara goma sha shida kana shara a asibiti kafin ka ajiye aikin ka sayo injin wanki mai feshi. Da ka kawo shi zaurena ajiya, saboda ɗakinku ba wuri, dariya na yi maka. Na ce, “Mutum da gemunsa da 'ya'ya biyu zai koma wasa da ruwa? Wa zai kira ka ka wanke masa ƙasa?” Ba ka ji haushi ba. Ka ce, “Yaya, matsar da tukwanenki.”

Simintin tsakar gidan nan Baba ne ya zuba shi tun muna yara, kuma ni na daɗe da manta launinsa, a baƙi na san shi. Da ka tayar da injin, ruwan ya fito siriri kamar wuƙa, na ga dauɗar shekara arba'in tana tashi tana gudu gabanka. Ashe simintin ja ne! Na tsaya da zani a hannu kamar wadda aka dasa. Sai na ga ka rage ƙarfin ruwan, ka durƙusa. Sawun ƙafa ne a jikin simintin, ƙarama, babban yatsan a karkace. Ƙafar Umma. Nan take na tuna ranar da ta taka shi ɗanye, Baba yana faɗa ita tana dariya. Shekara goma sha biyu da rasuwarta, kullum ina wucewa ta kai ban sani ba.

A nan ka kashe injin. Rabin tsakar gida ja, rabi baƙi, layin a miƙe kamar an ja da zare. Ka ce, “Ta dama kenan. Ta hagu tana can ƙarƙashin baƙin. Ranar da kika ce na iya, ranar za ki gan ta.” Na ce sai dai ka gaji da jira. Yau zan tona kaina: sau biyu na gwada da buroshi da garin sabulu bayan ka fita. Ko gezau.

Daga nan aikinka ya buɗe. Da hannu ka rubuta lambarka a jikin baro, ka bi shaguna kana wanke musu taku ɗaya na daɓen ƙofar shago kyauta ka wuce. Su da kansu suke nemanka, don ba mai iya zama da fari ɗaya a tsakiyar baƙi. Cikin wata uku unguwa ta manta sunanka, sai Mai Feshi. Ka taɓa nuna mini yadda ruwan ke tsaga katako, ka ce aikin ba sakin ƙarfi ba ne, sanin inda za a rage ne. Haka kake da mutane ma.

Wajen zaman makoki na ji abin da ba ka taɓa faɗa ba. Liman ya ce duk Alhamis kai kake wanke wurin alwala. Tsohuwa mai kayan miya ta zo da sandarta, ta ce tun da santsin gansakuka ya kayar da ita a ƙofar shagonta, ba ka ƙara barin wurin ya yi kore ba, kuma ko ruwan sha ba ka karɓa. Ina jin su ina mamaki, wai wannan ƙanina ne da nake yi wa tsiya duk safiya idan ya zo ɗaukar inji ya ce, “Yaya, yau za a faɗa?” ni kuma in ce, “Je ka wasan ruwanka.”

Na ɗauka muna da lokaci. To ga shi, Auta, kowa ya karanta ya zama shaida: ka iya. Wallahi ka iya, tun ranar farko na sani.

Allah Ya wanke ka daga kurakurai fiye da yadda ka wanke wa bayinSa wurin tsayawa. Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da Umma da Baba a Aljanna. Ga matarka da 'ya'yanka mata biyu, da 'yan uwa da maƙwabta da suka tsaya mana, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari.

Na naɗe tiyon yadda kake yi, na ɗaure da jan tsumman. Rabin tsakar gidan har yanzu ba a wanke ba, kuma ban ga ƙafar Umma ta hagu ba.