Hotona a Jikin Ledar Girfa

Masu tambayar ina Malama Rakiya ta shige tun damina, ga ni. Ban mutu ba. An dai rage ni.

Ina koyarwa a firamare a Safana. Shekara uku da suka wuce na fara shan ruwa ba ƙoshi, ina fita aji fitsari har yara suka soma dariya, siket yana zamewa daga ƙuguna. Aka gwada jini, aka ce ciwon suga ne, kuma allurar insulin zan riƙa yi wa kaina safe da yamma. Da yake wuta ba ta zama, wata nas ta koya mini in ƙulle kwalbar a leda in saka cikin randa, sanyin ruwan ya isa. Na bi dokar, na murmure, har kumatu na yi.

Yayata Indo ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a Babban Duhu, tana haɗa kayan shayi tana sayarwa ta waya. Ta iya shayin girfa, wannan ba zan hana ta ba. Takan karya sandar girfa, ta daka citta da kanumfari, ta bari su tafasa har ruwan ya yi ja, sannan ta tsiyaya zuma.

Da sallah ta ɗauke ni hoto da kofi a hannu. Bayan sati biyu na ga fuskata manne a ledar kayan shayinta, an rubuta a ƙasa: "Ta bar allura, ta warke da girfa."

Na kira ta. Ta ce, "Kumatun naki na haya ne? Ni na goya ki, hoto ɗaya ya gagare ni?"

Wanda ya tashi a hannun yayarsa ya san inda magana take ƙarewa. A nan ta ƙare.

Hutun damina na je wurinta kamar kullum. Kwana biyu da zuwana na zura hannu a randa, babu leda. Na kwashe ruwan tas. Yaya tana zaune tana tsince citta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na jefa masai. Masu saye suna shigowa gidan nan. In wata ta gan ki da allura, mi zan ce mata?"

Na ce, "Yaya, raina ne a ciki."

Ta ce, "Rai na Allah ne. Sha wannan."

A makon nan hanyar Safana ba ta biyuwa, kowa ya san dalili: 'yan bindiga. Babu direban da zai fita. Na zauna ina shan shayi safe, rana, yamma, kowane kofi da zuma, don a wurin Yaya zuma ba suga ba ce.

Ƙishirwa ta dawo. Sai amai. Akwai wata 'yar ƙaya da na taka a bayan gida, wurin ya kumbura ya yi baƙi, kuma ban ji zafinsa ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Mijinta ne ya ɗaure ni a bayansa da zane, ya bi ta gonaki da babur. Ban san lokacin da muka isa Safana ba, ban san lokacin da aka wuce da ni Katsina ba.

Na farka da ƙarin ruwa a hannu biyu. Kowace awa a huda yatsa. Kullum da safe a kwance ƙafar a kankare, ina cizon gefen zane. Likitan ya tambaye ni dalilin barin allura, na ce ta ƙare. Ya dube ni ya ce, "Malama, yatsu uku za su tafi. Sauran muna roƙon Allah."

Suka tafi. Tumakin da na gada wajen Inna ma suka tafi, kuɗin aiki da magani.

Yaya ta zo dubiya da fulas. Ta ɗaga bargo ta leƙa ƙafar, ta ce wa matan ɗakin, "Sammu ne. Har ta samu sauƙi, aka yi mata baki." Da za ta tafi ta sunkuyo kunnena: "Ki riƙa sa safa. Kar ki ɓata mini kasuwa."

Ban yi kuka a gabanta ba. Ta fita na yi.

Na yi niyyar binne maganar nan. Amma ranar Talatar da ta wuce, a layin masu suga a asibiti, wata dattijuwa daga Darini tana kan keken guragu ta ƙura mini ido. Zanenta a naɗe yake daga gwiwar hagu, babu komai a ƙasa.

Ta washe baki. "Ɗiyata, ba ke ce ta jikin leda ba? Don ke na aje maganina. Ni dai shayin bai karɓe ni ba. Ke mi ya kawo ki nan?"

Na cire safa na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

Alhamdulillahi, ciwon ya rufe, na koma aji da sanda. Na gode wa nas-nas ɗin da suka jure ihuna, da malaman makarantarmu da suka riƙe mini ajina, da mijin Yaya, wanda har yau bai ce in gode masa ba.

Mai suga, ka duba tafin ƙafarka kullum, ko da madubi. Kar ka yi tafiya ba tare da allurar ajiya a wani wuri daban ba. Zuma tana ɗaga suga. Shayin girfa ina shansa har gobe, ba zaƙi, bayan na yi allurata.

Yaya za ta karanta wannan, na sani, kuma ƙila ba za ta sake kirana ba.

Ledar tana nan a kasuwa. In kun gan ta, ku sani da safiyar ranar da aka ɗauki hoton nan na yi allura, da yamma ma na yi. Kuma a lokacin yatsuna goma ne.