Turancin Baba Mai Guga

Duk wanda ya taɓa kai wanki layin bayan tasha ya san Baba Mai Guga. Shagonsa ɗan tsukut ne: tebur ɗaya da tsohon bargo a shimfiɗe, igiya daga bango zuwa bango, kayan mutane jere a kan hanga, sai dutsen guga na gawayi wanda ya girmi rabin masu kawo wankin. An sha ba shi shawara ya sayi na lantarki, ya ce shi ba ya aiki da abin da ba shi da nauyi. Taurin kai kam yana da shi, ko masoyansa ba sa musu. In ya ce kwalar rigarka ba ta kwanta ba, ko jirgi za ka hau sai ka jira.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗa guda Allah ya bar masa, wanda kowa ke kira Dogo, kuma da wannan dutsen gugar ya yi masa makaranta har ya zama mutum. Da Dogo ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, tsohon da kansa ya goge masa kayan tafiya. Yana kan wata farar riga, hankalinsa ya tafi, bai farga ba sai da ƙauri ya tashi. Shatin dutsen ya fito ɓaro-ɓaro a gadon bayan rigar. A duk shekarunsa na aiki ita kaɗai ya taɓa ƙonawa. Dogo ya ɗaga ta ya tuntsire da dariya, ya ce, "Baba, ka buga min hatimi kar in ɓata. Ajiye min ita, ranar da na dawo ita zan sa." Tun daga ranar rigar take rataye a ƙarshen igiya, kusa da bango.

Dogo ya yi aure a can. Matar ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa, ’yar da suka haifa ma haka ta tashi. Duk ƙarshen mako zai kira ta waya mai hoto, ya ɗora yarinyar a cinya, ita ta zuba Turanci, tsoho ya zuba Hausa, shi yana tsakiya yana tafinta. Rabin fassarar tasa ƙarya ce. Tsoho zai ce, "Gaya wa amaryata ta yi ƙiba." Dogo ya juya su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce, "Baba, ta ce ita ba ta auren mai furfura."

Wata rana ya ce, "Baba, in muka zo gida ni fa ba zan yi tafinta ba. Kai da ita, can ku ƙarata."

"Ja'iri," in ji tsohon. "To zan koya, ka zuba ido."

Dogo wasa yake yi, amma uban da gaske ya ɗauka.

A jikin shagonsa akwai shagon magani na wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin asibiti, kowa Sista yake ce mata. Ita ya tunkara. Ta ɗauko masa littafin yara mai hotuna, ya juya shi gaba da baya ya miƙa mata abinta.

"Sista, hoton kofi ai ba kofi ba ne. Ni kaina na mai aikin hannu ne. Abin da hannuna bai riƙe ba, kaina ba ya riƙewa."

Sai ya fito da tasa hanyar. Kullum da safe kafin ya hura gawayi zai ɗauki abu guda, ya tsaya bakin ƙofarta ya ɗaga shi. "Sista, wannan fa?" Ta faɗa masa Turancinsa, ya maimaita har sai ta ce ya yi. Ya koma shago, abin yana hannun hagu, dutse na hannun dama, kowane ja da kalmar yake tafiya. Masu kawo wanki su tarar da dattijo yana yi wa cokali magana, su ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Haka ya bi maɓalli da allura, kwala da aljihu, sabulu, bokiti, tsintsiya, makulli. Turancin zafi a jikin dutse ya koye shi, da yatsa. Na sanyi sai da ya sayi ƙanƙara ya damƙe. Launuka a kayan jama'a ya same su, har wani direba ya yi ta zarya a kan koriyar rigarsa ana ce masa ba ta bushe ba, alhali ita kaɗai ce koriya a shagon kuma kalmar ba ta gama zama ba. Turancin kaka, gemunsa ya kama. Na uba kuwa hoton Dogo ya riƙe, tunda a wurin yarinyar shi ne uba.

Sista ta sha yi masa magana. "Malam, hira fa ba lissafin kaya ba ce. Ka koyi irin su 'na yi kewarki', 'ki yi haƙuri', 'ina sonki'. Su ne za ka nema."

Ya miƙa mata tafin hannu. "To zuba min kewar nan in riƙe."

"Ba a riƙe ta."

"To bari in gama da na hannu tukuna. Waɗancan ai ga Dogo nan, duk cika bakinsa ba zai bar ubansa ya ji kunya ba."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Ita ta yi tsaki ta koma kan magungunanta, shi ya koma kan cokulansa yana jin ya yi nasara.

Labarin ya zo ne da hantsi, yana durƙushe yana fifita gawayi. Wani abokin aikin Dogo mai jin Hausa ne ya kira. Ciwo ne na ’yan kwanaki, ba a ma so a tayar wa tsoho da hankali ba, sai kuma ta Allah ta kasance. A can aka binne shi. Baba Mai Guga ya zauna a ƙasa da maficin a hannunsa har garwashin ya mutu. Bai ga gawar ɗansa ba, bai taka kabarinsa ba, kuma wannan ya ci shi fiye da yadda ya iya faɗa wa kowa.

Da ya sake buɗe shago, ya daina zuwa ƙofar Sista da safe. Surukarsa ta kira shi ’yan lokuta. Su kalli juna ta waya, ta yi kuka, shi ya yi ta gyaɗa kai, yarinyar ko leƙowa ba ta yi. Wanda yake haɗa su ya tafi, sai kiran ya yi ta ja baya har ya tsaya.

Bayan watanni surukar ta nemi Sista a waya. Za ta koma wurin danginta da zama, amma kafin nan tana so yarinyar ta ga inda aka haifi ubanta. Yammaci ɗaya za su yi su wuce. Ta kuma ce tun rasuwar, yarinyar ta kulle bakinta, daga "e" sai "a'a".

Tsohon ya gane abin da wannan yake nufi. Yammacin nan shi ne rabonsa gaba ɗaya. In yarinyar ta tafi ba ta ji daga bakinsa wane ne ubanta ba, za ta girma layin nan ya zame mata wani wuri mai zafi da aka taɓa kai ta tana ƙarama, shi kuma wani tsoho mai warin hayaƙi. Ya kwaso kayansa ya shiga bita, ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu kam sai ka koyi waɗancan," in ji Sista.

Wannan karon bai yi gardama ba. Ta faɗa masa, ya maimaita, ya tafi da su a baki yana tattalinsu. Kafin rana ta take sun zube. Washegari ya dawo, ta sake, suka sake zubewa. Ya ce, "Sista, ba sa zama." Sai ya koma kan abin da ya iya.

Ranar suka iso a tasi. Yarinyar ta fito, doguwa fiye da shekarunta, ƙafafun Dogo ne sak. Surukar ta kama hannayensa biyu ta fashe da kuka, Sista ta janye ta zuwa ɗakin da ke bayan shago, suka shiga magana. Yarinyar ba ta bi su ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon dutsen guga, da alama ba ta taɓa ganin mai cin gawayi ba.

Tsohon ya rasa ta inda zai fara. Sai ya buɗe gwangwanin maɓallai, ya ɗaga guda, ya faɗi Turancinsa. Ta dube shi. Ya ɗaga allura ya faɗa. A hankali, kamar mai tsoron muryarta, ta gyara masa. Ya maimaita yadda ta ce. Ta shigo, ta ɗauki sabulu ta ɗaga masa tana jira, ya faɗa daidai. Ta ɗauki makulli, ya faɗa. Suka bi shagon nan kaf, ita tana ɗagawa shi yana amsawa, kamar ɗan makarantar da ya yi shekaru yana jiran jarrabawa. Da suka ƙare kaya, ya kama gemunsa ya faɗi Turancin kaka. Yarinyar ta jefa kai baya ta ƙyalƙyale da dariya. Dariyar Dogo ce, ba ragi, har sai da tsohon ya dafa tebur.

Tana cikin bin igiya tana taɓa kaya ta kai ga farar rigar. Ta juya ta, ta ga shatin ƙunar, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ya ɗauko hoton Dogo ya haɗa da rigar, ya ce mata da Turanci: uba, riga.

Dariyar ta ɗauke. Ta ciro rigar daga hanga ta cusa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai bakin ya buɗe. Magana ta yi ta zubowa, da sauri, da hawaye, tana nuna ƙunar, tana nuna hoton, tana nuna shi. Abin da ta riƙe wata da watanni ne take juye masa. A cikin duk wannan, uba ya ji, ya ji riga, sauran ya wuce shi. Can ta yi shiru ta zuba masa ido. Tambaya ta yi, amsa take jira.

Amsar kuwa tana nan cike da cikinsa. Yana so ya ce mata ranar da rigar ta ƙone ba ya son ubanta ya tafi, shi ya sa hannunsa ya tsaya. Yana so ya ce mata ubanta bai yi fushi ba, dariya ya yi, irin wadda ta yi yanzu. Yana so ya ce mata duk kiran da Dogo ya yi, zancenta ne farko, zancenta ne ƙarshe. Yana so ya ce mata shi ma kullum sai ya shinshina rigar nan kafin ya rufe shago, ba ita kaɗai aka bari ba. Ya laluba kansa, ya tarar da bokiti, da tsintsiya, da cokali, duk suna nan daram.

Ya nuna dutse ya faɗi sunansa. Ya ce zafi. Ya ce riga. Ya ce uba.

Ta ci gaba da jira. Ya sake jero su, a hankali, ko za su haifar da wani abu. Yarinyar ta gyaɗa kai irin na yaro mai tarbiyya da aka gaya masa abin da ya riga ya gani da idonsa.

"Sista," ya kira. "Zo ki taimake ni."

Matan biyu suka fito. Ganinsu ke da wuya yarinyar ta koma bayan uwarta ta rungume rigar. Sista ta sunkuya ta tambaye ta me ta ce wa kakanta, ta girgiza kai. Tsohon ya zayyana wa Sista labarin duka, ita ta juya shi zuwa Turanci. Surukar ta yi kuka ta yi godiya. Amma labarin ya fito ne da muryar wata mata da yarinyar ba ta sani ba, kuma har aka gama idonta yana ƙasa.

Mai tasi ya danna hon. Tsohon ya karɓi rigar, ya ninke ta yadda ya saba ninke kayan manyan mutane, ya ɗora mata a hannu. Da motar ta fara tafiya, yarinyar ta leƙo ta taga, ta kama haɓarta, ta faɗi Turancin kaka. Ya ɗaga mata hannu har suka sha kwana.

Washegari da safe Sista tana share ƙofar shagonta ta gan shi tsaye a inda ya saba tsayawa. Ba maɓalli, ba cokali. Hangar da rigar ta yi shekaru a kai ce a hannunsa, ba komai a jikinta.

"Malam, ai wannan ka daɗe da saninta."

"Ba ita nake tambaya ba," in ji shi. "Waccan. Ta kewa."

Sista ta jingine tsintsiyar. Ta faɗa masa. Ya damƙe hangar da hannu biyu ya maimaita, ta ce ya yi daidai. Ya koma shago ya hura gawayinsa, hangar na hannun hagu, dutse na hannun dama. Da yamma zai rufe, ya leƙa ya faɗa mata ba tare da ta tuna masa ba.

"Ta zauna," in ji Sista.

"Ta zauna," in ji shi. Ya tsaya jim yana kallon titin da tasin ta bi. "Sai dai wa zan gaya wa?"